Tarakta cikin kwali: kol ake fara sawa ko fenti?



Na san ka san motar kara. Babu garin da yara ba su yin ta. Bayan girbi sai su samo karan dawa, su fere shi, su tsaga bayansa su yi ƙusoshi, su soke wannan da wancan. Kafin la'asar ka ga kamiyo ta tashi, da tayoyinta na sakaina, har da kayan da ta ɗauko. Wataƙila kai ma ka yi ta kana yaro.

To, a ƙasashen Turawa da Japan akwai wani aiki mai kama da wannan. Amma su ba da kara suke yi ba, da roba ne. Kuma ba yara kaɗai ke yin shi ba, har da magidanta masu furfura. Kamfani ke zuba ƙananan gaɓoɓi na roba, ya sa su cikin kwali tare da takarda mai zane. Mai saye ya kai gida, ya yanke, ya haɗa, ya liƙe, ya shafa fenti. Sai ga jirgin sama, ko jirgin ruwa, ko mota, ko tarakta, daidai da na gaskiya, sai dai ƙarami.

In na ce daidai, ba kamanni kawai nike nufi ba. Da awo ake yi. A jikin kowane kwali za ka ga lamba kamar haka: 1/24. Ma'anarta, an raba tsawon abin gaskiya gida 24, an ɗauki gida guda. Faɗinsa ma haka, tsayinsa ma haka. Mutum mai tsayin metir 1 da santimetir 68, in aka rage shi da wannan awo, sai ya koma santimetir 7, kamar tsawon yatsanka. Jiragen sama galibi 1/72 ake yi masu. A wannan awo, dogon mutum mai metir 1 da 80 ba zai wuce santimetir 2 da rabi ba.

Ni tarakta na haɗa. Wani abokina da muka yi makarantar horon malamai tare ya kawo mani ita tsaraba daga Faransa. Kol da fenti ma shi ya nemo mani su. Kwali guda ne, babu na biyu. In gaɓa ɗaya ta lalace, babu kasuwar da zan je in sayo wata. Shi ya sa kafin in taɓa komi na tsaya na yi tambaya, na karanta takarda, na yi gwaji bisa abin da ba ya da amfani. Abin da na gane shi zan gaya maka. Duk mai liƙe roba, ko mai shafa fenti a ƙofa ko amalanke, zai tsinci nashi a ciki.

Sunan taraktar Ferguson TE20. Wanda ya ƙirƙiro ta shi ne Harry Ferguson, ɗan manomi daga arewacin tsibirin Ailan. An yi ta ƙera ta a birnin Kobantiri na Ingila daga 1946 zuwa 1956, an fitar da fiye da 500,000. Launinta toka-toka ne, shi ya sa manoman Faransa suka sa mata suna Petit Gris, wato ƴar toka. Ƙarama ce, tsawonta bai cika metir 3 ba, amma akwai ƙarfin hali. A watan Janairu na 1958 wani mutumin Niyu Zilan, Edmund Hillary, ya kai irinta guda 3 har can ƙarshen duniya ta kudu, inda babu komi sai ƙanƙara.

Wannan tarakta tana da hannu cikin tarihin aikin da nike ba ka labari. A 1949 kamfanin Ferguson ya so ƙananan taraktoci na roba, waɗanda dillalansa za su riƙa nuna ma masu saye. Sai ya ba wani kamfani na Landan aikin, sunansa Airfix. Wani mutumin Hangari, Nicholas Kove, ya kafa shi a 1939, kuma matajin kai na roba yake yi kafin nan. Da farko ma'aikata ke haɗa taraktocin da hannu. Da aka ga haɗin yana cin kuɗi, sai aka ce a sayar da su a warwatse, kowa ya haɗa abinsa. Daga nan Airfix ya kama wannan sana'a. Faransawa suka kafa nasu kamfani, Heller, a 1957, suka fara da jirgin sama Caravelle a awon 1/100. Jirgin gaskiya metir 32 ne, na kwali santimetir 32. Dattawa za su tuna irin jirgin, don Air Afrique ya yi aiki da shi. A Japan kuma akwai Tamiya, wanda ya fara da sana'ar katako a 1946 kafin ya koma roba. Tawa taraktar ta Heller ce, awon 1/24. In an gama ta santimetir 12 ce da ɗan kai, tana zama bisa tafin hannu. Gaɓoɓinta sun fi 100.

Yanzu mu zo ga roba. Mu komi roba muke ce mashi: bokiti roba, buta roba, takalmi roba, taya roba. Amma ba iri ɗaya ba ne. Gawo da kalgo da bagaruwa duk icce ne, amma kowane da halinsa. Robar da ake zuba waɗannan gaɓoɓi da ita sunanta polistiren. Daga man fetur ake samo ta, kuma a Jamus aka fara yin ta da yawa wajen 1930. Kana da ita cikin aljihu ba ka sani ba. Ɗauko bik ɗinka, irin mai jiki garau kamar gilashi. Jikin nan polistiren ne. Marfin kuwa wata roba ce dabam, dangin ta bokiti da bido. Farin abin nan marar nauyi da ake sa ma rediyo cikin kwali don kada ya fashe, shi ma polistiren ne da aka cika da iska.

Mi ya sa na tsaya wannan bayani? Saboda kol. Kol ɗin da muka sani, wanda wasu ke ce ma gam, shiga yake tsakanin abu biyu, ya bushe, ya riƙe su. Ƙaro haka yake yi. Farin kol na kafinta ma haka. Amma kol ɗin polistiren ba haka yake aiki ba. Shi ruwa ne mai narkar da roba. In ka shafa shi, fuskar robar sai ta yi laushi kamar man shanu a rana. Ka haɗa biyu ka matse, sai su cuɗanya. Daga nan ruwan ya bi iska ya tafi, robar ta koma ta daskare. Abu biyu sun zama guda. Walda ce ba wuta. In ka taɓa ganin masu jiƙa farin abin nan cikin esansi don su toshe ɓular kwano, ka ga yadda yake narkewa nan take, to ka ga irin aikin.

Ni na gwada. Na ɗiga shi bisa jikin tsohon bik, wurin ya yi dushi-dushi, ya yi danƙo. Na ɗiga bisa marfin, ya bushe ya tafi kamar ba a yi ba. Saboda haka kada ka ɓata kuɗinka ka ce za ka gyara fasasshen bokiti da shi. Ba ya cin wannan roba.

Kafin kol, kafin fenti, sai wanka. Gaɓoɓin suna zuwa manne da wasu sanduna na roba, kamar ƴaƴa a reshe, kowace da lambarta kusa da ita. Zubi ne aka yi. Ka san mai masa tana shafa mai a tanda don kada masa ta kama. Haka a wasu masana'antu ana sa wani abu mai santsi cikin mazubi don robar ta fita. Ga kuma maiƙon hannunmu. Fenti kuwa ba ya zama bisa maiƙo. Sai a sami ruwa mai ɗan ɗumi da sabuni, a wanke reshen duka da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye, a bar shi ya bushe a inuwa. A inuwa na ce. Ranar bazara tana iya tanƙwara siririyar gaɓa.

Kada ka murɗe gaɓa da hannu ka cire. Za ta bar rami, ko ta tsage. Da reza ko ƙaramin almakashi ake yankewa, a ɗan nesa da gaɓar, sannan a goge sauran da samfefa mai laushi. Kuma kada ka yanke duka gaba ɗaya. Lambar a jikin reshe take, ba a jikin gaɓa ba. In ka yanke duka, ka sami tulin ƴan robobi ba suna, kamar awakin gari da ba a yi masu shaida ba. In takarda ta ce 14 da 15, yanko 14 da 15 kaɗai. Takardar ma ba ta da yawan magana. Zane ne da lambobi da ƴan kibau masu nuna inda kowace gaɓa za ta shiga. Bafaranshe da Bajapane da kai duk takarda guda za ku bi. Wanda ya iya karanta lambobi ya iya ta.

Walda ba a kwance ta. Don haka kowace gaɓa sai an gwada ta ba kol, sau biyu, sau uku. A duba ko ta zauna, ko akwai ƙari da za a kankare, ko ta dama ce aka kai hagu. Tela ma sai ya auna yake sa almakashi.

Kol ɗin iri biyu ne. Akwai mai kauri, cikin ɗan bututu irin na man goge haƙori. Shi ba a matsa shi kai tsaye bisa gaɓa. A ɗiga shi bisa takarda, a ɗebo da tsinken tsintsiya kamar ƙwayar gero, a shafa. Akwai kuma mai ruwa-ruwa, cikin kwalba, da ɗan buroshi a marfinta. Wannan shi na fi so. Za ka haɗa gaɓoɓin biyu tukuna, ka riƙe, sannan ka taɓa bakin buroshin a kan layin da suka haɗu. Ruwan da kansa zai bi layin ya shige, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Amma ka lura da inda yatsanka yake. In yana kan layin, ruwan zai shiga ƙarƙashinsa, robar ta narke, zanen yatsanka ya fito ɓaro-ɓaro. Ka dangwala hannu ke nan, irin na takardar bashi, kuma wannan ba ya goguwa sai da samfefa da haƙuri.

Yawan kol ba ya ƙara ƙarfi. Ragewa yake yi. Sitiyarin taraktar nan bai fi tsinke kauri ba. Ka cika mashi kol, sai ya narke ya lanƙwashe kamar dafaffar taliya. In ka haɗa manyan gaɓoɓi, ka riƙe kamar minti guda, sannan ka ɗaure da siririn zaren roba, wanda ka yanko daga tsohuwar robar cikin taya. In ka matse da kyau za ka ga wani ɗan layi na narkakkiyar roba ya fito a bakin haɗin. Kada ka share shi. Bar shi ya kwana. Da safe ya yi tauri, sai ka kankare shi da gefen reza, ka goge. Wurin haɗin zai ɓace, kamar dama can abu guda ne. In kuwa rami ya rage, akwai dabara. Yayyanka guntun reshe ƙanana, zuba cikin ɗan kol mai ruwa, rufe, bar shi ya narke ya zama kamar kunu mai kauri. Da shi ake cike rami. Sai dai yana ɗaukar kwanaki kafin ya yi tauri.

Yanzu ga gardamar. Kol ake fara sawa ko fenti? Masu wannan aiki sun daɗe suna ja-in-ja a kai. Wasu sun ce a shafe komi da fenti tun yana jikin reshe, don ya fi sauƙin riƙo, kuma buroshi yana kai ko'ina. Wasu sun ce a'a, a haɗa duka a gama, sannan a yi fenti sau guda.

Abokin nan nawa na farkon ya bi. Jirgin sama ya haɗa. Ya shafe kowace gaɓa da fenti, ta bushe, sannan ya liƙe. Jirgin ya yi kyau ƙwarai, ya aza shi bisa tebur. Bayan ƴan makonni ɗansa ya ɗaga shi, sai fiffike guda ya rage a hannun yaro, sauran ya faɗi ƙasa. Yaro ya sha faɗa, alhali ba laifinsa ba ne. Da muka duba wurin haɗin, sai muka ga kol bai taɓa roba ba sam. Fenti ya narkar, ya dame shi, ya bushe a haka. Fenti ne ke riƙe da fenti.

Na ba mai facin garinmu wannan labari. Ya yi dariya ya ce: "Mushe, ai wannan ba sabon abu ba ne. Ni ma in ban kankare robar taya ba har sabuwar fata ta fito, faci ba ya kamawa. Kol ba ya son shamaki." Gaskiya ya faɗa, kuma bai taɓa ganin kwalin ba.

Amma masu cewa a haɗa duka tukuna su ma ba su gama magana ba. In ka rufe murfin inji, ta ina buroshi zai shiga ya shafa ma injin fenti? In ka sa tayoyi, ta yaya za ka shafa baƙi ba ka ɓata toka ba? A ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Ga yadda na yi. Duk abin da launinsa guda ne, kuma yana manne da juna, na liƙe shi tun yana roba tsirara. A wannan tarakta abin ya zo da sauƙi. Ba ta da wani shasi dabam. Inji, da akwatin canjin gudu, da ƙarfen tayoyin baya, su ne ƙashin bayanta, kuma duk toka ne. Na haɗa su wuri guda, na kankare layukan haɗi, sannan fenti. Murfin inji, da tayoyi, da sitiyari, da kujera kuwa, kowane na yi mashi fenti shi kaɗai. Da na zo haɗa su, sai na sa bakin reza na kankare fentin daidai wurin da za su taɓa juna, har roba ta fito. Wuri kaɗan ne, bai fi ƙwayar dawa ba, kuma in an haɗa ba a ganin shi. Wasu kafin fenti suke rufe wurin da ɗan guntun takarda mai manne, daga baya su ɓare. Duk ɗaya ne. A kwalayen motoci akwai gaɓoɓi masu walƙiya kamar azurfa. Wannan walƙiya ma shamaki ce, sai an kankare ta.

Akwai wurin da kol mai narkarwa ba ya da aiki. Ƙarfe, da tayoyi na roba mai laushi da ke zuwa cikin wasu kwalaye, ba ya cin su. Nan sai sufagulu, ɗan ƙaramin kol ɗin nan da ake sayarwa a tebur. Wani Ba'amurke, Harry Coover, ya gano shi a 1942, aka fara sayar da shi a 1958. Shi da laima yake kamawa, shi ya sa yake liƙe yatsu nan take. Yana kama bisa fenti, amma ƙarfinsa ba ya wuce ƙarfin fentin da ke ƙarƙashi. Gilashin mota ko na jirgi kuwa, wanda aka yi da roba garau, kada ka kai mashi ko ɗaya daga cikin biyun. Mai narkarwa zai ci shi ya yi dushi-dushi. Tururin sufagulu kuma zai bar mashi farin hazo. Farin kol na kafinta ake sa mashi, don in ya bushe garau yake komawa, kuma in ya yi yawa ana share shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Saura fentin shimfiɗa. Haka na sa mashi suna, don shi ake fara shimfiɗawa kafin fentin launi. Ka san shi a wani wuri. Mai walda in ya gama ƙofar ƙarfe, jan fenti yake fara shafawa kafin kore ko shuɗi. Maginan Damagaram ma ba su yin zane bisa tubali, sai sun yi yaɓe. A ƙarfe, jan fentin tsatsa yake hanawa. To, roba ba ta tsatsa. Mi ya kawo shimfiɗa?

Roba santsi gare ta. Fenti, musamman irin wanda ake damawa da ruwa, ba ya samun wurin kamawa. Ka sa farce, sai ya ɓare kamar ɓawon albasa. Fentin shimfiɗa yana kama robar da ƙarfi, kuma fuskarsa ba ta da sulɓi, sai na biyu ya sami abin riƙo. Amma amfanin da ya fi burge ni wani ne. Shimfiɗa tona asiri take. Kafin ka shafa ta, sai ka rantse aikinka ba aibi. Da ta bushe, komi ya koma launi guda marar ƙyalli, sai ka ga layin da ba ka kankare da kyau ba, da ɗan ramin da ya rage, da zanen samfefa. Nan ne lokacin gyara. A goge, a cike, a sake fesawa. In fentin launi ya hau, lokaci ya wuce. Akwai masu cewa shimfiɗa ɓata kuɗi ce. In fentin mai ne, kuma gaɓar ƙarama ce, ba zan yi gardama da su ba. Amma a babban wuri kamar murfin inji, ni ba ni tsallake ta.

Launinta ma da magana. Toka ita ce ta kowa, kuma ta fi nuna aibi. In fentin sama ja ne ko rawaya, farar shimfiɗa ake sawa, don waɗannan launuka ba su rufe duhu. In launin azurfa ne, baƙa ta fi. Ni kuwa toka zan sa bisa toka. Wahalar ita ce ba ka gane inda ka shafa da inda ba ka shafa ba. Sai na riƙa juya taraktar a hasken safe, don shimfiɗa ba ta ƙyalli, fentin sama kuwa yana ɗan yi.

Galibi cikin gwangwanin feshi take zuwa. A girgiza shi minti 2 cikakku, har ka ji ɗan dutsen ciki yana yawo. A soke gaɓar bisa tsinke ko waya, a kafa a guntun kara, don kada hannu ya taɓa. A tsaya nesa da santimetir 20 zuwa 30, wato kamar taƙi guda da ɗan ƙari. A fara feshin a gefe, a wuce bisa gaɓar, a ƙare a ɗaya gefen, hannu bai tsaya ba. Shafi na farko kamar raɓa, har kana hango robar. A jira minti 10 ko 15, a ƙara. Sau 2 ko 3 ya isa. Mai son ya gama da feshi guda, fenti zai kwaranya, ya cike ƴan ƙusoshi da layukan da kamfani ya wahala ya zana. Daga nan a bar ta kwana guda cur. In fentin motoci ka samu a kasuwa, gwada shi bisa guntun reshe tukuna. Wani yana da zafi, yana cin polistiren, fuskar ta yamutse kamar fatar guza.

Waɗanda suka rubuta bayanin jikin gwangwani, iskar ƙasarsu suka sani. Tamu dabam ce. A watan Afrilu da Mayu, in zafi ya wuce digiri 40, fentin yana bushewa cikin iska kafin ya sauka, sai fuskar ta yi kaushi kamar an watsa rairayi. Da hunturu kuma ga ƙura, kuma ɗanyen fenti maganaɗisun ƙura ne. Da damina laima tana sa shi ya yi fari-fari. Ni da sassafe nike yi, kafin iska ta tashi. In yayyafa ruwa a ƙasa, in fesa, in kife babban kwano a kai, in tokare gefensa da ɗan dutse don iska ta shiga. Gwangwanin kuma ba a barin shi a rana ko kusa da murhu. A jikinsa an rubuta kada zafi ya wuce digiri 50, don yana iya fashewa.

Ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, ka saurara da kyau. Kol mai narkarwa da fentin feshi duk suna kama wuta. Tururinsu ma yana kamawa. Kada ka yi wannan aiki da dare kusa da fitilar kananzir ko kyandir, ko kana shan taba. Kada ka yi shi cikin ɗaki a rufe. Waje, a inuwa, iska tana bayanka. In ka ji kanka ya fara sarawa, rufe kwalba ka tashi. Cikin wasu irin kol ɗin akwai wani ruwa mai suna toluwen. Dangin abin da ke cikin sholisho ne, wanda wasu samari ke shaƙa. Ka ga yadda yake mayar da yaro mai hankali. Yana lalata ƙwaƙwalwa, kuma yana iya tsayar da zuciya farat ɗaya. Yara kuwa dole su kewaye ka in kana wannan aiki, ba mai hana su. Bar su su kalla, su miƙo maka gaɓa, su karanta maka lamba. Amma kwalbar kol a hannunka take, in ka gama kuma ta shiga akwati mai makulli. Sufagulu in ya liƙe yatsu, kada a ja da ƙarfi. A jiƙa cikin ruwan ɗumi da sabuni, a riƙa murzawa sannu. Kada a share shi da auduga, don in sun haɗu zafi suke yi har su ƙona fata. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa, kada a buɗe idon da ƙarfi, a tafi likita.

Mako 3 na yi ina haɗa taraktar, kuma rabin kwanakin jira ne kawai. Da na sa tayoyi na ƙarshe, sai na ga ta cika tsabta, kamar ba ta taɓa shiga gona ba. Na ɗebo ƙasar jigawa daga gonar maƙwabcina, na tankaɗe ta da rariya, na dama da ruwa da ɗigon farin kol. Na shafa a tsakanin haƙoran tayoyin baya da ƙarƙashin inji, na share saman da yatsa. Sauran reshen robar ban zubar ba. Suna cikin kwalin, don gwajin fenti da cike rami.